Dokokin Yaya Masu Suna Ɗaya

Yayana ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Mutum ne mai fara'a, mai doguwar gaisuwa, wanda za ka ji ƙamshin turarensa kafin ka ga fuskarsa. Abu ɗaya ne ba ya iya jurewa a duniya, shi ne a ce masa wani abu bai yi daidai ba. In an faɗa masa, ba gyara yake nema ba, hanyar da maganar za ta mutu yake nema. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma mun daɗe muna aiki a ofis ɗaya, don haka in na faɗi halinsa ba ji na yi a bakin wani ba.

Tun muna yara haka yake. In an sa shi wanke-wanke, sai ya wanke kwanukan sama ya kife su a kan masu datti. Da ya girma ya sayi mota, wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, ya yanko baƙin salatif ya manna a kanta. Na ce, "Yaya, baƙin mai fa take gaya maka ya yi ƙasa." Ya dube ni yana murmushi ya ce, "To yanzu kin ji tana gaya min?" Injin ya buga a tsakiyar gada, ya dawo gida a ƙasa yana zagin masu ƙera motoci har kakanninsu.

Ba don mota ko kwanuka nake wannan labari ba. Don 'yarsa nake yi, babbar, wadda muke kira Dakta tun ranar da muka same ta tana ɗaure wa kyanwa ƙafa da tsumma. Yarinyar ba ta taɓa son wani abu ba sai karatun likita. Makarantar da take so tana da ƙa'idar shekaru, in ka haura ba a ɗaukar ka ko da kai ne ka zo na ɗaya. Dakta kuma ta riga ta yi asarar lokaci, domin uwarta ta yi doguwar jinya ta ciwon baya, kuma ita ce ta zauna tana juya ta, tana yi mata wanka, tunda uban ya ce warin magani yana tayar masa da zuciya. Saboda haka jarrabawar wannan shekara ita ce damarta ta ƙarshe. Ta kwaso littattafanta ta dawo gidana, don a gidansu ba a kashe talabijin in ana ƙwallo, kuma a wurin Yaya kullum ana ƙwallo a wani wuri.

A ofis Ya-Wuce ake kiransa, har manaja in ya manta. Sunan daga bakinsa ya fito. Duk aikin da aka ba shi, in ka tambaye shi yaya aka ƙare, ba zai ce ya duba ba, ba zai ce ya yi kyau ba, sai ya ɗaga hannu ɗaya ya ce, "Ya wuce." Wato kwamfuta ta karɓa ba ta yi gardama ba. Yadda aka yi ta daina gardamar kuwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Sunan daɗi yake yi masa, a zatonsa kirari ne.

Kamfaninmu ƙarami ne, ɗaki uku a saman wani kantin tayal, da fanka mai kuka da tagar da ba ta rufuwa. Aikinmu shi ne riƙe wa wata hukumar jarrabawa bayanan ɗalibanta: rajistarsu, amsoshin da suke dannawa a kwamfuta ranar jarrabawa, da sakamakonsu. Ita ce jarrabawar da Dakta za ta zauna. Ni nake gina shafukan da ɗalibi ke gani a allo. Yaya ne ke riƙe da rumbun da komai ke zuba a ciki, kuma kalmar sirrin rumbun shi kaɗai ya san ta, yana ji da ita kamar shi ya haife ta.

Rumbun bayanai ba wani abin tsoro ba ne. Tebura ne, kowanne da layukansa: teburin ɗalibai, teburin cibiyoyin rajista, teburin darussa, da sauransu. Kowane tebur ana ɗora masa dokoki, su ne masu gadinsa. Wata ta ce kada a bar gurbin suna babu komai. Wata ta ce kada a shigar da maki ga ɗalibin da babu shi. Wadda ta fi kowacce nauyi a wurinmu ita ce ta teburin ɗalibai, wadda ta ce lambar jarrabawa ɗaya ba za ta hau kan mutum biyu ba. In an gwada, inji ya ƙi, a sake wata lambar. Kowace doka kuma sai an raɗa mata suna, don in ta tare wani abu a san wacce ce ta tare.

A nan Yaya ya nuna fasaharsa. Dokar farko a kowane tebur ya sa mata doka1, ta biyu doka2, haka har ya gaji. Teburin ɗalibai da doka1 ɗinsa, teburin cibiyoyi da tasa doka1, teburin darussa ma haka, kamar mutumin da ya cika gida da 'ya'ya ya kira kowa da "kai". Tsohon injin da muke amfani da shi mai haƙuri ne, ba ruwansa in dai sunan bai maimaitu a tebur ɗaya ba. Shi ya sa aka daɗe ana tafiya a haka. In an sami matsala, allo ya ce doka1 ta tare abu, sai mu hau tambayar juna wace doka1 ɗin. Yaya ya jingina da kujera ya ce, "Ku zo ku tambayi mai su mana." Abin da yake so ke nan, a zo a tsaya a kansa.

Akwai wani abokin aikinmu da muke kira Mai-Gilashi, mutum mai sanyin magana. Wata rana a mitin ya ce ya kamata kowace doka ta ɗauki sunan teburinta da na abin da take tsarewa, misali ɗalibai_lamba_babu_biyu, yadda ko wa ya gani zai gane, kuma suna biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Ya ce a sa wani ɗan bincike da zai ƙi karɓar kowace sabuwar doka in sunanta ya riga ya wanzu, kuma ya yi ihu, kada ya yi shiru.

Yaya ya yi dariya har da buga tebur. "Wannan suna ne ko wasiƙa? Kafin in gama rubuta shi an tashi daga aiki. Malam, ni a kaina nake riƙe rumbuna."

Manaja, wanda ba ya bambance doka da tebur, ya duba agogo ya ce a bar wa mai abu abinsa. Mai-Gilashi ya cire gilashinsa ya goge.

Sai hukumar ta ce a koma sabon inji kafin a buɗe rajista, don tsohon ya fara nishi in ɗalibai sun yi yawa. Sabon injin ba shi da haƙurin tsohon. A wurinsa, duk faɗin rumbun ba a yarda doka biyu su ɗauki suna ɗaya ba. Ranar da Yaya ya fara kwashe kaya, ina zaune a teburina na ji ya yi tsaki mai tsawo.

"Ke, zo ki ga rashin kunyar inji."

Na je. Jan rubutu ne a allo, yana cewa akwai wata doka mai wannan suna. Ya gina teburin cibiyoyi da doka1 ɗinsa lafiya, yana zuwa tebur na gaba inji ya turje.

Na ce, "Yaya, ai gaskiyarsa. Ka sake musu sunaye kawai. Aikin yini ɗaya ne, in kana so mu raba."

"Mu raba? Ke da kike fentin maɓalli?" Ya kore ni da bayan hannu. "Je ki, zan yi maganinsa."

Kafin a tashi cin abincin rana ya miƙe, ya yi miƙa har ƙashinsa ya yi ƙara, ya ce, "Ya wuce." Na tambaye shi ko har ya gama sake sunayen, ya ce in yi abin da ke gabana. Abin da ya yi, sai daga baya muka gani da idonmu. Bai sake suna ko ɗaya ba. Layi guda ya ƙara a saman aikin, wanda ke cewa in an tarar akwai doka mai wannan suna, a tsallake, a ci gaba. Inji ya bi umarni. Ya gina doka1 ta teburin farko, ya tsallake duk sauran masu sunanta, haka doka2, haka doka3. Jan rubutu ya ɓace, allo ya yi tas. Dokar da ke hana lamba ɗaya hawa kan mutum biyu kuwa doka1 ce a teburin ɗalibai, kuma teburin ɗalibai ba shi ne na farko ba.

Aka buɗe rajista. Dakta ta shirya tun ranar farko za ta je cibiya, uban ya hana.

"'Yar mai rumbu ce za ta je ta bi layi cikin rana? Haba. Ni zan shigar da ke daga ofis, da shayi a hannuna."

Ta ce, "Baba, ai sai an ɗauki yatsana da hotona."

"Na ce ki bar min."

Ta bar masa, don yarinya ce mai kunyar ubanta. Mako ya bi mako. In ta tuna masa ya ce gobe, in na tuna masa ya ce mata akwai gajen haƙuri. Sai da ya rage kwanaki a rufe, na ce mata ta tashi mu tafi, ubanta ya ji haushi in ya ga dama. Muka tarar da cibiyar kamar kasuwa, kowa ya bar abinsa sai ƙarshe. Ta sha layi, aka ɗauki yatsanta, aka buga mata lambarta a 'yar takarda. Ta riƙe ta a ƙirji har gida.

A irin waɗannan kwanakin ne cibiyoyi ke neman lamba a lokaci guda. Wannan ta ce a ba ta ta gaba, waccan ma ta ce haka a daidai wannan ƙiftawar ido, sai a miƙa musu lamba ɗaya. Ba sabon abu ba ne, duk shekara yana faruwa. Da can dokar ce ke tare na biyun, a ba shi wata lambar, shi bai ma san an yi ba. Wannan karon babu mai gadi a ƙofar. Ranar jarrabawa ma babu wanda ya lura, domin da yatsa ɗalibi ke shiga kwamfuta, ba da lamba ba.

Na ga karatun yarinyar nan da idona. Ta manna zanen ƙasusuwan mutum a bangon falona har baƙi na tsorata. Tana wanke shinkafa tana karanto sunayen sinadarai. In ta gaji ta kwanta a ƙasa ta ɗora littafi a fuska, ta ce, "Goggo, tambaye ni kowane shafi." Ni da ban san komai a kai ba sai in buɗe in karanto, ta amsa kafin in kai ƙarshen tambayar. Ranar da ta fito daga ɗakin jarrabawa, ta hango ni a bakin ƙofa ta rugo ta rungume ni. Ta ce, "Goggo, duk abin da na ji tsoro ya fito, kuma na san shi." Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba.

Ana cikin haɗa maki, wata jami'a daga hukumar ta kira manaja ta ce sun ga wasu lambobi sun fito sau biyu. Manaja ya fito daga ɗakinsa da waya a hannu, ya tsaya a kan Yaya ya ce yana son bayani kafin a tashi. Yaya ya ce ƙaramin abu ne. Na ga ya sunkuya a allo, na ga wuyansa ya jiƙe, na san ya gano dokar ba ta nan. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita da wani sunan, inji ya ƙi, ya ce ba zai ɗora dokar hana maimaici a kan teburin da maimaici ya riga ya cika ba.

Mai hankali a nan zai buɗe layukan ya karanta. Zai ga wannan sunansa daban, wancan daban, hotunansu daban, ya ba na biyun sabuwar lamba, a sanar da shi, shi ke nan. Babu wanda zai rasa komai sai Yaya, wanda zai faɗi da bakinsa cewa ya yi kuskure. Shi kuwa da ya faɗi haka gara a yanka shi. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa yara ne masu rawar hannu suka danna maɓalli sau biyu, mutum ɗaya ya shiga sau biyu. Ya rubuta layi guda: duk lambar da ta fito sau biyu, a bar wanda ya fara shiga, a goge na baya. Amsoshin ɗalibi a manne suke da layinsa, in an goge shi sai su bi shi. Wannan tsarin kam, cikin ikon Allah, bai ɓace a ƙaura ba, ya yi aikinsa tsaf.

Daga nan dokar ta hau lafiya. Ya shiga wurin manaja yana gyara hula, muna jin sa ta ƙofa yana cewa, "Ranka ya daɗe, yaran yanzu ne, ba su iya danna abu sau ɗaya ba. Na share." Da ya fito na ce, "Yaya, me ka share?" Ya ce, "Datti." Mai-Gilashi ya tambaye shi ko ya duba sunayen, ya ce masa shi ba malamin aji ba ne da zai zauna kiran suna.

Ranar da sakamako ya fito, a falona aka taru da safe. Yaya ya zo da matarsa tana dogara sanda, ya zo da katan ɗin lemo, ya cika ɗakin da surutu. Yana gaya wa maƙwabcina da ya leƙo cewa duk ƙasar nan in ɗalibi ya ga makinsa yau, ta hannunsa ya bi. Dakta ta zauna a gaban kwamfutata, ta shigar da lambarta daga 'yar takardar da ta yi laushi don riƙo.

Shafin ya buɗe, shafin da ni na gina, da launin da ni na zaɓa. Hoton wani saurayi ne mai manyan kunnuwa, da sunansa, da makin da ko makarantar koyon ɗinki ba za ta waiwaye shi ba.

Ta ce, "Na yi kuskure." Ta sake shigarwa a hankali, tana karanto kowace lamba da ƙarfi. Saurayin ya sake fitowa.

Uwar ta ce, "Mene ne? Ku gaya min mana, ba na gani daga nan."

Yaya ya yi dariya, amma dariyar ba ta da ƙashi. "Shafin goggonki ne ke wasa. Ba ni wuri." Ya buɗe tasa kwamfutar a kan cinya, ya shiga rumbun, ya nemi sunanta. Babu. Ya nemi da ranar haihuwa, sai da ya juyo ya tambayi uwar wace rana ce. Babu. Ya nemi a teburin amsoshi. Ina tsaye a bayansa, na miƙa hannu na ja allon sama, sai ga layin da ya rubuta yana nan a cikin tarihin aikinsa. Na karanta shi sau ɗaya na gane. Saurayin ne ya fara shiga, Dakta ce ta baya.

Na ce, "Kwafin ajiya. Yaya, buɗe kwafin da aka ɗauka kafin ka goge."

Ya ci gaba da neman sunanta kamar bai ji ba.

"Yaya!"

Ashe kwafin da rumbun ke ɗauka kowace yamma, suna ɗaya ya ba shi shi ma. Na yau ya hau kan na jiya ya danne shi. Ya ce wai don kada fayiloli su yi yawa su cika masa ido. Makonni sun wuce da gogewar, kwafin da ke hannunmu na jiya ne, kuma a na jiya babu Dakta.

Ta dube shi, muryarta a kwance, ta ce, "Baba, da za ka goge, ba ka ga sunana ba?"

Ya ce, "Lamba nake dubawa." Sai kuma, don shi ba ya iya barin magana ta tsaya a inda ta fi masa ciwo, ya ƙara da cewa, "Kuma ai ba ke kaɗai ba ce."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Kafin azahar wayar ofis ta ɗau zafi. Iyaye suka cika matakalar kantin tayal, wasu da 'ya'yansu a gefe suna kuka, kowa da 'yar takardarsa a hannu. Ni da Mai-Gilashi muka kwashe kwanaki muna tonon duk inda amsa za ta iya maƙalewa. Mun samo sunaye da hotuna a kwamfutocin cibiyoyi, amma amsoshin kai tsaye suke zuwa rumbu, ba su kwana a ko'ina ba. Manaja ya ƙwace kalmar sirrin, Mai-Gilashi ya zauna ya sake wa kowace doka suna, kuma bai kai yini ɗaya ba. A nan ya ƙirga dokokin da aka tsallake, ya cire gilashi ya daɗe yana kallon bango.

Kuna zaton an kore shi? A rahoton da aka aika wa hukuma, an rubuta cewa matsala ce ta sabon inji wajen ƙaura, domin in an ce laifin ma'aikaci ne kamfani zai rasa aikin. Yaya ya karanta rahoton ya yarda da shi har zuciyarsa. Na ji shi da kunnena yana gaya wa mai kantin tayal cewa shi tun farko bai yarda da injin nan ba. Aka ɗauke shi daga kan rumbu aka ba shi kujera kusa da taga da muƙamin mai ba da shawara, ya buga sabon katin suna da muƙamin a jiki.

Hukumar ta ce za a sake wa waɗanda abin ya shafa jarrabawa, amma sai an shirya sababbin tambayoyi. Ranar da suka sa ta faɗo bayan ranar da makarantu za su rufe ɗaukar ɗalibai. Na je makarantar likitancin da kaina, na shiga ofis na fita ofis, na yi roƙo har na ji kunyar kaina. Suka ce sun tausaya, amma ba sa ɗaukar ɗalibi babu sakamako, kuma baɗi shekarunta sun haura.

Dakta ba ta yi kuka a gabana ba. Ta cire zanen ƙasusuwan daga bango ta naɗe, ta koma gidansu don uwarta ta sake kwanciya. Bayan 'yan kwanaki na je duba su da yamma. Na tarar da ita a tsakar falo tana ninke wanki, uwar na kwance a doguwar kujera. Yaya ya shigo da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya zo da albishir. Ya rage muryar talabijin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, na samo hanya." Ya zauna kusa da ita ya buɗe allon. "Sun canza kalmar sirri, amma akwai wata tsohuwar ƙofa da na bari, babu wanda ya san da ita. Zan mayar da layinki yanzun nan, in ba ki sabuwar lamba, in ce an tsinto ki a wani kwafi. Kafin a rufe ɗauka sakamakonki ya fito."

Na ce, "Da wane amsoshi?"

"Wa ke duba amsoshi? Maki ake dubawa." Ya juya gare ta, ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan yana murmushi. "Faɗi, 'yar Baba. Nawa kike so in sa miki?"

Ta tsaya da rigar da take ninkewa a hannu. Tasa ce ma, farar da yake zuwa ofis da ita. Ta daɗe tana kallonsa, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa abu in ana son a tabbatar da mene ne. Uwar ta juya fuskarta bango.

Ta ce, "Baba, ni fa na ci jarrabawar nan."

"To ai shi ne nake cewa. Faɗi lamba kawai."

"Ban san nawa na ci ba. Shi nake son in sani."

Ta ƙarasa ninke rigar, ta daidaita wuyanta, ta ajiye masa a kan maɓallan kwamfutar, a kan yatsunsa. Ta tashi ta ɗebo ruwa a kofi, ta tallafo kan uwarta ta ba ta maganin yamma.